Jirgin Ƙasa a Kan Faifai

Yau ba girki za mu yi ba, jirgin ƙasa za mu haɗa.

Ƙanena ne ya aiko wa ɗiyata 'yar shekara 12 wani ɗan kwali daga Ingila. Da muka buɗe sai ga guntayen roba maƙale a jikin wasu 'yan sanduna, da takarda mai zane. Na ce, "To, wannan kuma wace irin tsaraba ce?" Ashe samfuri ne na wani kan jirgin ƙasa mai tururi, wai shi Evening Star. A Swindon aka yi shi a 1960, kuma shi ne mai tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera. Tsawonsa ya kai mita 20, amma an rage komai nasa sau 76, ya dawo kamar santimita 26, taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Kakanninmu sun san danginsa, don tun 1911 dogo ya iso Kano, kuma da kwal da ruwa jiragen wancan zamani ke tafiya.

Uwargida, in irin wannan ya shigo gidanki, fara samo faifai ko tire mai baki. Wasu guntayen ba su fi ƙwayar shinkafa ba, in ɗaya ya faɗi kin rasa shi, ko mai rarrafe ya riga ki tsinta. A wanke su da ruwan sabulu don maiƙon masana'anta ya fita, in ba haka ba fenti ba ya kamawa. A cire kowanne da abin yankan farce, kada a murɗe.

Sai gam. Nan fa ki buɗe kunne. Gam ɗin irin wannan roba narkar da ita yake yi har guntaye biyu su zama ɗaya, kuma warinsa na hawa kai. Mun dai san abin da sholisho ya yi wa 'ya'yan mutane. A tsakar gida za a yi aikin, kina zaune, in an tashi ki ɗauke gam ɗin ki kulle.

Amma zama na ce, ban ce ki karɓe aikin ba. Ni na yi wannan wauta. Jirgin na da manyan ƙafafu goma da sanduna ke haɗa su, dole su riƙa juyawa. Na ga yarinya na ta nuƙu-nuƙu da tsinken sakace, tana ɗiga gam kamar mai sa kwalli. Na ce, "Kawo nan!" Na matsa gam, ya malala cikin ƙafafun, suka daskare. Wallahi kwana biyu ba ta kalli faifan ba. Har yau ƙafafun nan ba sa motsi, kuma duk baƙon da ya yaba sai ta ce, "Wannan wurin aikin Umma ne."

Fentin ita ta yi shi ita kaɗai, na kame hannuna. Jikin kore ne mai duhu, gaba da ƙafafu baƙi, bakin bututun hayaƙi launin jan ƙarfe. Ta yi amfani da fenti mai ruwa, ta tsinka shi kamar madara, ta shafa sau uku, kowace shafa sai ta baya ta bushe. Mai kauri sau ɗaya ya fi sauri, amma zai cike 'yan ƙusoshin da aka zana a jiki, jirgi ya koma kamar sabulu. Da yake hunturu ne, kowace shafa sai ta kifa masa roba saboda ƙura. Lambarsa, 92220, a ruwa aka jiƙa ta har ta saki takarda, sannan ta zame ta a hankali zuwa wurinta.

Yanzu kuma ta tara karan dawa da gwangwanin madara, wai taragu za ta yi masa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.