Zaftarewar Gaɓa a Bakin Tafkin Kainji: Nauyin Wa Ne?



Idan aka ce zaftarewar ƙasa, hankalin mutane yakan tafi ga ƙasashe masu manyan duwatsu. Alal misali, ran 9 ga Oktoba 1963 gefen wani dutse ya zame ya afka cikin tafkin madatsar Bayon a Italiya, ruwa ya tsallake madatsar ya hallaka mutum kusan 2,000. Ƙasar Yauri ba ta da irin wannan tsauni. Tata zaftarewar a sannu take zuwa, wato gaɓar ruwa ce ke tsagewa ta rufta, yau ta ci kunya biyu ta gonar albasa, baɗi ta ci katangar gida. Abin da nake son in nuna shi ne, maganin wannan ɓarna sananne ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ce nauyinsa ne.

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa. An gama ginin madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tayar da mutum wajen 44,000, cikinsu har da Gungawan da suka bar tsibiransu suka koma tudu. Tun daga nan zaman mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ya rataya a kan hawa da saukar wannan ruwa. Cika biyu Kwara take kawowa a shekara: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini, ba ya iso mu sai cikin hunturu. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai tazarar kimanin mita 10. Idan ya cika, ƙasar gaɓa takan sha ruwa ta yi nauyi. Idan ya janye, ruwan da ya tokare ta daga waje ya tafi, na cikinta kuwa bai gama tsiyayewa ba, ga igiyar ruwa tana ƙwaƙule gindinta. Sa'an nan tafkin yakan kai ƙarshen janyewarsa ne cikin damina, lokacin da ruwan sama yake dukan gaɓar tana tsirara. In an sare itatuwan bakinta, ko an ɗebi yashi a gindinta, to, saura kaɗan.

To, wa ke da wannan gaɓa? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha. Dokar da ta kafa hukumar hanyoyin ruwa, NIWA, a 1997, ta ba ta iko da mita 100 daga bakin ruwa. Buɗe ƙofofin madatsa da rufe su yana hannun masu samar da lantarki, waɗanda tun 2013 kamfani ne mai zaman kansa. Hasashen ruwan sama na NiMet ne, na ambaliya na NIHSA. Agaji na NEMA ne, wadda aka kafa a 1999. Haƙar ma'adinai, har da ramukan zinariya na ƙasar Yauri, doka ta ce sha'anin tarayya ne. Ga kuma HYPPADEC, wadda dokarta ta fito a 2010 domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa. Ruwan kansa kuwa na ƙasashe tara ne, masu hukumar haɗin gwiwa a Yamai tun 1980. Kowace hukuma tana da gaskiyarta a takarda. Amma manomin da gaɓa ta tsage a bayan rumbunsa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai ta dagaci.

Ba a rasa manufa ba, ba a kuma rasa asusu ba. Tun 1981 akwai asusun tarayya na gyaran muhalli, a 2005 kuma aka fitar da manufar ƙasa kan zaizaya da ambaliya. Abin da ya rage shi ne a ɗinke su, kuma shawarata uku ce.

Ta farko, a zana taswira ɗaya ta gaɓar tafkin, daga Shanga ta Yelwa har Wara, a nuna inda take ci da saurin cinta, kowace hukuma ta yi aiki da ita. Kada a zana ta ba tare da Sarkawa da sauran masunta ba, domin sun riga injiniya sanin inda ƙasa take motsi.

Ta biyu, jadawalin hawa da saukar ruwa ya daina zama sirrin ofis. A riƙa aika shi ga ƙananan hukumomi da fadar masarauta, a karanta a rediyo da Hausa da sauran harsunan yankin.

Ta uku, doka ta ambaci hukuma guda wadda za ta tara sauran kafin kowace damina, kuma ita za a tuhuma in an yi sake. A ba ta kaso sananne daga asusun muhalli, domin jera duwatsu a gindin gaɓa, da dasa jema da itatuwa a kanta, da ba da sabon fili ga wanda ya zama dole ya matsa. Hana mutum gini a bakin ruwa ba tare da an nuna masa inda zai koma ba, umurni ne da ba mai bi.

Jama'a, mutanen wannan yanki sun ba da gonakinsu da kushewun kakanninsu domin Nijeriya ta sami wuta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinka ba ta hawa sai da mai ba da murya. Mafi ƙarancin hakkinsu a kanmu shi ne su san sunan mai ba da muryar nan tun gaɓa ba ta rufta ba.

Allah ya kiyashe mu, amin.