Ƙullutu a wuya: abin da hoton likita ke nunawa

Yau hirarmu a kan wuya take.

Ku ɗora yatsa a gaban wuyanku, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. A nan akwai wata ƴar tsoka mai fukafuki biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna ce mata tiroyid. Ita ce ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da yadda jiki ke cin abincin da aka ba shi. In ta kumbura gaba ɗaya, shi ne maƙoƙo da kowa ya sani. Galibi rashin iyod cikin abinci ke kawo shi, shi ya sa ake ce muku ku sayi gishiri mai iyod. Amma wani lokaci ƙullutu guda ne ke fitowa cikinta, kamar ƙwayar gujiya ko kamar goro. In kun haɗiye miyau sai ya hau, ya sauko. Ya fi kama mata.

Wanda ya taɓa ya ji shi, hankalinsa ya kan tashi. To ku ji wannan: cikin ƙullutu 100, kamar 5 zuwa 15 ne kawai ke zama ciwon daji. Sauran ba su da mugunta. Sai dai yatsa ba ya rarrabe su. Na likita ma bai iya ba, balle na wanzami. Tsaga da lalas ba su kai inda ƙullutun yake, sai su bar tabo da gyambo. Aikin hoto ne.

Hoton farko shi ne ekogirafi, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Za ku kwanta rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗunku. A shafa wani mai mai sanyi a wuya, a goga kan na'ura a wurin. Na'urar tana aika sauti wanda kunne ba ya ji, sautin ya dawo, ya zama hoto. Babu zafi, babu allura, babu azumi. Kamar minti 15 an gama. Mai ciki ma tana iya yi.

Me likita ke dubawa? In ƙullutun ruwa ne zalla, ko ya yi ramuka kamar soso, hankali kwance. In yana kwance kamar ƙwai a faifai, gefensa sumul, shi ma da sauƙi. Wanda ake yi wa kallo biyu shi ne mai tauri, wanda ya fito baƙi ƙirin a hoto, gefensa cako-cako. Ko wanda tsayinsa ya fi faɗinsa. Ko mai ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa gishiri. Likita zai kuma duba kaluluwar wuya. Girma kaɗai ba shi ne mugunta ba. Babba na iya zama lafiya lau, ƙarami ya zama abin tsoro.

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Likitoci da yawa suna ba ƙullutu lamba daga 1 zuwa 5, bisa wani tsari da likitocin Turai suka fitar a 2017. A takarda za ku ga an rubuta EU-TIRADS, sannan lamba. Lamba 1, babu ƙullutu. Lamba 2, ba shi da mugunta. Daga 3 zuwa 5 zato yana ƙaruwa. Ko 5 ma zato ne, ba hukunci ba. Lambar da girman ƙullutu su ke faɗi ko za a kai ga allura: mai lamba 5 in ya wuce santimita 1, wato kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa, mai 4 in ya wuce 1 da rabi, mai 3 in ya wuce 2.

Allurar siririya ce ƙwarai. Likita yana kallon hoto yana soka ta, ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, a duba da madubin likita. Ita ce ke kusa da faɗin gaskiya. Ba ta yaɗa ciwo, kada ku saurari masu faɗin haka.

Za a kuma ɗebi jini, a auna abin da ake kira TSH. In ya yi ƙasa, watakila ƙullutun ne ke aiki fiye da kima. Mai shi ya kan rame ko da yana ci, ya yi ta gumi, zuciya na bugawa. Nan ne ake yin wani hoto, sintigirafi, wanda ake yi a Yamai. Ana ba mutum ɗan magani mai haske da na'ura kaɗai ke gani. Ƙullutun da ya sha maganin da yawa ana ce masa mai zafi, kuma da wuya ƙwarai ya zama daji. Mace mai ciki ba ta yin wannan, mai shayarwa kuma ta faɗa wa likita tun da farko.

Sikane kuwa sai maƙoƙo ya yi girma ya gangara cikin ƙirji, ko ya danne hanyar numfashi. Kada ku ce sai shi don ya fi tsada. A kan ƙullutun wuya, ekogirafi ya fi shi gani.

Akwai waɗanda bai kamata su jira bayan girbi ba. Wanda muryarsa ta dushe ta ƙi dawowa. Wanda haɗiya ko numfashi ke yi wa wuya. Wanda ƙullutunsa ke girma da sauri, ko ya yi tauri ya kafe ba ya motsi. Haka yaro ƙarami, da wanda aka taɓa samun wannan ciwo a danginsa. Mafi yawan ciwon daji na tiroyid yana tafiya a hankali, kuma yana warkewa in aka yi aiki da wuri.

In likita ya ce ku dawo bayan shekara, ku ajiye takardar hoton inda gara ba ta kai ba. Ku zo da ita, don da awon bara ake gwada na bana.