Muhawarar Karatun Mata: Daga Zamfara Zuwa Umbadda

Malamaina, iyayena mata, 'yan uwa Hausawan Umbadda.

Duk wanda ya ce karatun 'ya mace baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana, bai buɗe littattafan kakanninsa ba. A shekarun 1780, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna halartar majalisinsa. Wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko da waƙa yana zargin Shehu da haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar masa da amsa, tana nan cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abdullahi ya musa cewa ana cakuɗa su, sannan ya nuna cewa barin mata ba su san addininsu ba ya fi fitowarsu muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya caccaki malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu na cikin gida a jahilce.

Wadda ta mayar da wannan hujja aiki ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ni abin da ya fi girma a idona shi ne ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, a ɗaura jan ƙyalle a kai. Jaji ta taso daga ƙauye da ƙafa, tare da tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, ɗauke da sadakar hatsi da man shanu da zuma, su iso Sakkwato. Su haddace waƙoƙi kan tauhidi da tsarki da tarihin Annabi (SAW), su koma su koyar da matan da ke cikin kulle. Ku duba hikimar! Ba ta tsaya jayayya da mazan da suka hana matansu fita ba, karatun ta aika har tsakar gida. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin.

A Amurka ma an taɓa shakkar ilimin wata mace. Filis Witli, baiwa 'yar asalin Afirka ta Yamma, ta buga littafin waƙoƙinta a Landan a 1773, amma sai da manyan mazan Boston 18 suka sa hannu cewa ita ce ta rubuta. Asma'u ba ta nemi shaidar kowa ba, domin mahaifinta da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo sun san matsayinta a ilimi.

Wannan gado namu ne a nan Sudan. Da yawa cikinmu jikokin mahajjata ne, wasu kuma na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar. Ƙasar da ta karɓe mu ita ma tana da nata misalin: Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, daga zuriyar wannan aiki aka sami Jami'ar Ahfad ta mata a nan Omdurman. To, da wane baki za mu ce ba mu da abin koyi?

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rufe makarantu, kuma kowa ya san idan gida ya shiga ƙunci, yarinya ake fara cirewa daga aji a miƙa mata talla ko a yi mata aure. Roƙona gare ku biyu ne. Matasa, ku je wurin kakanninku mata da wayoyinku, ku ɗauki duk waƙar wa'azin da suka haddace tun ba su tafi da ita ba. Iyaye maza kuma, duk inda aka buɗe makaranta ko halwa, wato makarantar allo, ku kai 'ya'yanku mata ranar da kuka kai maza.