Duwatsun Indiya da Namu na Zamfara ta Yamma



Da wuya a sami wani a zauren nan wanda bai taɓa ganin duwatsun Kashmir a fim ɗin Indiya ba, ƙanƙara ta lulluɓe kawunansu, ƙoramu na gangarowa. Garin Shimla kuwa, wanda Turawan Ingila suka mai da hedkwatarsu ta lokacin zafi tun 1864, har yau baƙi na hawansa ta jirgin ƙasan da aka buɗe a 1903. Mutanen can sun san darajar abin da Allah ya ba su, suna ci da shi.

To, mu fa? Ba zan ruɗe ku ba, tuddanmu ba su kama ƙafar Himalaya ba. Amma wanda ya bi Gulbin Zamfara da kaka, daga Anka ya ratsa ƙasar Bukkuyum ya sauka Gummi, ya ga fadamu da dawa ta sunkuyar da kai, da duwatsu jefi-jefi, zai san ƙasar nan ba abar rainawa ba ce. Sa'an nan ga tarihi. Bayan Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarakunan Zamfara sun yi ta ƙaura, sai a farkon ƙarni na 19 suka tabbata a Anka. Ɗalibai nawa ne cikinmu za su iya jera wuraren da suka yada zango? Ni kaina sai da na girma na tambaya, abin kunya.

Abin baƙin ciki, duniya ba ta wannan hanya ta san mu ba. A 2010 ne aka ji sunayen Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma a gidajen rediyon waje, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dutsen zinariya ne ake kawowa gida ana daka shi a tsakar gida, har a turmin da ake dakan hatsi, ƙurar ta shiga cikin yara. Watau dutsen da ya kamata ya jawo mana baƙi, shi ya jawo mana makoki. Bayan wannan kuma 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ba ta ɗage hanin ba sai ƙarshen 2024.

Saboda haka ba na cewa gobe a gina masaukin baƙi a Bagega. Baƙo ba ya zuwa inda mai gida ke kwana da fargaba. Amma maƙwabtanmu na Argungu sun fara bikin kamun kifi a 1934, ya zama abin da ake zuwa kallo daga ƙasashen waje, don sun riƙe shi ne.

Roƙona ƙarami ne. In an yi hutu, duk wanda hanyar garinsu ke da lafiya ya zauna da tsofaffi, ya rubuta sunan kowane dutse da kufai da mashigi, da labarin da ke bayansa, ya kawo wa editan mujallar nan. Ku ma'aikata, ku taimaka da takarda da kuɗin mota.