Amanar Wakili a Sabon Zaman Majalisa

    

An nemi in yi bayani a kan abin da ya wajaba ɗan majalisar jiha ya sa a gaba idan sabon zama ya kama, da kuma irin hidimar da mutanen mazaɓarsa ke binsa bashinta. Mas'alar tana da nauyi a wannan jiha tamu fiye da wasu, domin kuwa tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Taraba daga tsohuwar Gongola, aka damƙa wa mutane ƙalilan al'amuran ƙasa mai faɗin gaske, wadda ta tashi daga fadamun Binuwai a Lau da Karim Lamido da Ibi, ta haura har tsaunin Mambila, tana ɗauke da ƙananan hukumomi 16 da harsuna masu yawa; kujerun majalisarta kuwa 24 ne kacal, wato mafi ƙarancin adadin da tsarin mulkin 1999 ya yarje wa kowace jiha.

Abin da nake son tabbatarwa a yau abu guda ne: mafi girman hidimar da wakili zai yi wa talakawansa tana cikin zauren majalisa da ɗakunan kwamiti, inda ake rubuta doka, ake yanka kasafi, ake bin sawun dukiyar baitulmali, abin da yake rabawa a ƙofar gidansa kuwa sadaka ce, ladanta na wurin Allah, amma ba don ita aka rantsar da shi ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan ɗan majalisa a garin nan na Jalingo da hantsi ya ga jama'a zaune a kan benci, wannan da takardar magani, wancan da kuɗin jarrabawar ɗansa, wata kuma da hidimar suna ko biki a gabanta, kuma babu mai imani da zai raina bukatarsu. Sai dai in muka yi nazari, kusan kowace takarda da ke hannunsu shaida ce a kan wani aikin hukuma da aka bari ya lalace: da asibitin gunduma na da magani, da makarantar gwamnati ta wadatar, da rabin waɗannan bayin Allah ba su baro gonakinsu sun zo sun yini a ƙofar wani ba. Wakilin da ya biya wa mutum goma kuɗin magani, alhali ya ɗaga hannu ya amince da kasafin lafiya bai karanta shi ba, ya taimaki goma ya yi sakaci da dubbai.

Magabata sun riga mu fahimtar wannan. Lokacin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami, da lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa, abin da suka fi tsananta wa mai mulki shi ne adalci da shawara da tsare dukiyar jama'a, da sa ido a kan ma'aikatan da ya naɗa. Tsarin mulkinmu ya zo da wannan ma'ana cikin lafazin zamani. Ya wajabta wa majalisar jiha zama na kwana 181 a ƙalla cikin shekara. Ya hana a taɓa asusun jiha sai da dokar kasafi da ta zartar. Ya ba ta iko a sashe na 128 da na 129 ta kira kowane jami'i ya zo da takardunsa ya yi bayani. Ya kuma hukunta cewa rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha a gabanta za a ajiye shi. Wannan rahoto, wanda sau da yawa ƙura ke rufewa a kan kanta, shi ne littafin da ya kamata kowane wakili ya fara buɗewa a makon farko, domin a cikinsa ne zai ga inda aka ce an gina aji ba a gina ba, da inda aka fitar da kuɗi babu takardar shaida.

In aka tambaye ni abin da za a fara da shi, sai in ce ilimi. Gwamna Agbu Kefas ya shelanta karatu kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnati a 2023, kuma niyya ce ta alheri wadda ta cancanci yabo. Amma shela ba ta koyar da yaro. Wajibi ne kwamitin ilimi ya tashi daga Jalingo, ya je Zing da Bali da Kurmi ba tare da ya aika da sanarwa ba, ya ƙirga yaran da ke aji guda, ya ga ko malami na zuwa, ya bincika ko jiha ta biya nata kason da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shar'anta kafin a saki tallafin tarayya. Haka nan maganar ƙananan hukumomi: tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, nauyi ya hau kan majalisa, wadda ita ke yi musu doka, ta tsara yadda za a riƙa bincikar lissafinsu, don kada a ɗauke ɓarna daga babban birni a mayar da ita sakatariya.

Sai zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, wanda a nan nake son in ɗan dakata. Majalisar nan ta zartar da dokar hana kiwon sake da kafa wuraren kiwo a 2017, shekarar da jini ya zuba a Mambila, kuma kowa na tune da yadda makiyaya suka fito suka nuna ƙin amincewarsu a garin nan, manoma da yawa kuwa suka yi maraba da ita. Ban zo in goyi bayan wani ɓangare ba, domin manomin Wukari da aka cinye masa doya da Bafulatanin da aka sace wa garke duka mazlumai ne, kuma haƙƙinsu ɗaya ne a wuyan hukuma. Abin da nake nema shi ne majalisa ta waiwayi dokar da ta yi da hannunta, ta tambaya wuraren kiwo nawa aka kafa, ruwa da likitan dabbobi nawa aka kai, burtali nawa aka shata, sa'an nan ta zauna da ardo-ardo da dagatai da shugabannin manoma a garuruwansu, ta gyara abin da ke bukatar gyara. Dokar da aka rubuta aka bari ba a aiwatar ba tana koya wa jama'a raina doka, wannan kuwa fitina ce da ta fi rashin dokar muni.

Akwai kuma darasi a kan gaggawa wanda bai kamata a manta ba. A farkon Oktoba 2012 majalisa ta tsige mataimakin gwamna Sani Abubakar Danladi. Kafin watan ya ƙare jirgin da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa ya faɗi kusa da Yola, jiha ta shiga ruɗani na shekara biyu a kan wanda ya halatta ya riƙe ta, har Kotun Ƙoli ta soke tsigewar a Nuwamba 2014 saboda ba a ba wanda ake tuhuma cikakkiyar damar kare kansa ba. Ikon tsigewa takobi ne da shari'a ta rataya wa majalisa, kuma wanda ya zare shi don biyan bukatar siyasa, talakan da ke jiran albashi da hanya shi ke fara jin kaifinsa.

Game da hidimar mazaɓa, gaskiya ita ce farillarta ta farko. Sa'ad da gadar Namnai ta karye a daminar 2024, ta yanke hanyar Jalingo zuwa Wukari, mutane suka koma tsallakawa ta ruwa da kayansu da marasa lafiyarsu. Hanyar ta tarayya ce, kuma wakilin jiha da ya yi alkawarin gina ta ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Abin da ke hannunsa shi ne ya gabatar da ƙudiri, ya haɗa kai da 'yan majalisar tarayya, ya matsa a samar da rigunan ruwa da ƙa'idar lodi a mashigi, ya kuma dawo ya gaya wa mutanensa inda magana ta tsaya, ko da ba mai daɗi ba ce. Ina roƙon kowane wakili ya buɗe ofis a cikin mazaɓarsa, mai ma'aikaci da littafin rubuta koke, domin mutumin Gembu kada ya ɓata yini a mota kafin ya ga wanda ya zaɓa. Ya riƙa kiran taro bayan kowane wata uku, da harshen da mutanen wurin ke ji, ko Hausa ko Fulatanci ko Jukunanci ko Mumuyanci, ya karanta musu abin da kasafi ya ware wa yankinsu da abin da aka saki a cikinsa. Ya keɓe wa mata lokacinsu, tun da sau da yawa ba sa magana a gaban maza.

Mu ma masu zaɓe akwai namu alhakin, domin mu ne muke auna wakili da buhun shinkafa, mu kira mai rabo mutumin kirki, mai karatun takarda kuwa mu ce marowaci ne. Sashe na 110 ya ba mu ikon neman a yi wa wakili kiranye in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu, amma tun kafin a kai ga haka akwai abin da ya fi sauƙi: ƙungiyoyin gari da ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba su nemi kwafin kasafin bana, su fitar da ayyukan kowace mazaɓa a takarda guda, su liƙa a ƙofar fada da kasuwa, domin ranar da wakili ya zo taro a tambaye shi a kansu ɗaya bayan ɗaya.