Sarƙar keke ba ta mutuwa ita kaɗai

 Duk mai taka keke daga Yelwa zuwa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya san ƙarar nan ta "ƙaras" idan sarƙa ta zame a kan hawa. Galibinmu sai mu ce wa mai gyara ya cire mata gaɓa ɗaya, ya zuba baƙin mai, mu ci gaba da tafiya. Wannan dabarar ce ke cin kuɗinmu.

Baƙin mai yana kama ƙurar hunturu, ya zama yashi mai goge ƙusoshin sarƙa har ta saki. Sarƙar da ta saki kuwa ba ta zama daidai a kan haƙoran giyar baya, sai ta riƙa cin su har su lanƙwashe kamar bakin lauje. Idan abin ya kai nan, sabuwar sarƙa ma zamewa za ta yi, dole a sauya su tare.

Gwajin ba wuya. Ɗauki tef ɗin tela: a sabuwar sarƙa, tazarar ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ce, tazara 24 inci 12 ke nan cif. In tazara 24 ɗin a sarƙarka ta ɗan gota inci 12, sauya sarƙa kawai. In gotawar ta kai ɗaya bisa takwas na inci, haƙoran ma sun tafi.

Iyaye, ku duba kekunan yaran da ke zuwa makaranta, don zamewar feda a tsakiyar titi ba ƙaramin haɗari ba ne.