Lafiyar Jariri Tun Daga Ƙuruciyar Uwarsa Take Farawa



Mun saba ɗaukar kula da uwa da jariri tamkar aikin wata tara da kwana arba'in ne. A je awo, a haihu, a yi suna, a gama wankan jego, shi ke nan sai wani cikin. To, wannan lissafi ya gaza ƙwarai.

Ku dubi yarinyar da tamowa ta tsumbure tun tana goye. Takan girma ƙugunta bai buɗe sosai ba. In kuwa ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba, sai doguwar naƙuda, wani lokaci har da yoyon fitsari. Ita ce kuma ta fi shiga haɗarin haifar jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Ungozomar da ke fama da wannan naƙuda a yau, da matsalar shekara goma sha biyar baya take kokawa.

Abin kuma bai tsaya a ɗakin haihuwa ba. A ƙasar Holan an yi wata muguwar yunwa lokacin yaƙi, daga 1944 zuwa 1945. Da masana suka bi sawun waɗanda suke cikin iyayensu a lokacin, sai aka tarar ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu bayan sun manyanta. A Ingila ma, cikin shekarun 1980, Likita David Barker ya bincika tsofaffin littattafan awon jarirai, ya ga waɗanda aka haifa ba nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Ashe hawan jinin dattijo yana iya samo tushe tun daga abincin da mahaifiyarsa ta ci, ko ta rasa.

Saboda haka ake matsa wa kan kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. A ba jariri dakashi, kada a matse a zubar, sa'an nan nono zalla har wata shida. A kuma guji kwanika, a bar uwa ta huta shekara biyu.

Ita uwar fa, wadda muke mantawa da ita da zarar an yi arba'in? Matar da ta yi jijjiga ko sukarin ciki, ko ta warke, haɗarin hawan jini ko ciwon sukari yana biye da ita shekaru masu yawa. Ya kamata ta riƙa zuwa ana auna ta, ba sai tana da ciki ba. Maigida, kuɗin motar nan wuyanka yake.

'Yan mata kuwa, a 2023 Nijeriya ta fara yi wa masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Ku kai su. Ma'aikatan asibiti, in uwa ta kawo jariri rigakafi, ku auna jininta ita ma, ku tambayi yayar jaririn da aka baro gida, ku rubuta duk a kati.